Babunaj: abin da yake warkarwa da abin da ya fi ƙarfinsa

A shagunan magungunan Musulunci na garuruwanmu na bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Jibiya, ana sayar da babunaj, wanda masu Faransanci ke kira kamomil. Busasshen fure ne ƙarami, tsakiyarsa ruwan ɗorawa, mai ƙamshin tufa. Shigo da shi ake yi. Masar na cikin manyan ƙasashen da ke noma shi, musamman a yankunan Fayyum da Bani Suwaif.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne yadda wasu ke tallarsa a matsayin maganin kowace cuta. To, mene ne gaskiyar lamarin?

Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda da amfaninsa na gargajiya a kan ƙananan larurori: kumburin ciki, murɗawar ciki marar tsanani, mura, ƙurajen baki da ƙaiƙayin fata. A 2009, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun gwada shi a kan mutum 57 masu fama da yawan fargaba har mako 8, suka ga sauƙi ɗan daidai gwargwado. Ana danganta wannan natsuwar da wani sinadari da ke cikin furen mai suna afijenin. Amma babunaj ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya maye gurbin maganin ciwon suga ko na hawan jini. Wanda ya ajiye maganin asibiti ya koma masa, ya sa ransa cikin haɗari.

Yadda ake haɗa shi: giram 3, wato kamar cikin babban cokali, a ƙaramin kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti 5 zuwa 10, saboda man da ke aikin yana bin tururi ya fita.

Akwai waɗanda ya kamata mai shago ya ja wa kunne. Masu shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, su nemi shawarar likita, domin a 2006 likitoci a Kanada sun ba da rahoton wata tsohuwa mai shekara 70 da jini ya ɓalle mata a ciki bayan ta haɗa su biyun. Mai juna biyu ma ta fara tambaya a asibiti. Kada a wanke ido da ruwansa, kada kuma a ɗura wa jaririn da bai kai wata 6 ba.

Ga mai sari kuwa, gwajin ba wuya. A tsaga tsakiyar fure ɗaya: irin na Masar na ainihi cikinsa holoƙo ne. Wanda ya koma gari, ya yi baƙi-baƙi ko yake warin rima, a bar shi. A adana shi a rufe, nesa da rana da danshi.

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, gaskiya dokin ƙarfe ce. Mu faɗa wa mai saye iyakar aikin kayanmu, gobe ma wurinmu zai dawo.