Zunubin gado da begen fansa: abin da Kiristoci suke koyarwa

Mutanen Adar da yawa sun san asibitin Galmi. Daga Tawa, da Keita, da Buza, har daga Abalak, ana kai marasa lafiya can. Ƴan mishan na SIM suka buɗe shi a shekarar 1950, a bakin babbar hanya tsakanin Konni da Madawa. Wanda ya yi jinya can yakan ji ana addu'a. Yakan ji ana faɗin kalmomi biyu: zunubi da fansa. Da yawa sukan koma gida ba su gane abin da ake nufi ba.

Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Amma suna nan. A birnin Tawa akwai majami'ar Katolika, akwai ta Furotesta. Kasuwa ɗaya ake ci da su, rijiya ɗaya ake sha. Sanin abin da maƙwabci ya yarda da shi ba bin addininsa ba ne. Hanya ce ta zama lafiya da shi.

Mafarin zancen

Littafin Kiristoci shi ne Littafi Mai Tsarki. An buga shi duka da Hausa a shekarar 1932. A sura ta 3 ta Littafin Farawa akwai labarin Adamu da Hawwa'u. Allah ya ajiye su cikin wani lambu mai albarka. Ya hana su cin ɗiyan itace guda. Suka ci. Aka fid da su daga lambun. Daga nan wahala ta soma: noma da gumi, naƙuda da zafi, daga ƙarshe mutuwa.

Kiristoci suna cewa wannan saɓo bai tsaya kan mutum biyu ba. Ya taɓa dukan zuri'arsu. Manzo Bulus ya yi bayanin haka a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Wannan shi ake kira zunubin asali, ko zunubin gado.

Gadon lalatacciyar gona

Manomin Adar zai gane zancen da misali. A ce kaka ya sare itatuwan gonarsa duka. Iska ta kwashe ƙasa mai kyau, ruwa ya yanka kwazazzabai, gona ta zama fako. Jika ya tashi ya tarad da ita haka. Ba shi ya riƙe gatari ba. Amma shi ne zai shibka hatsi ya ƙi fita.

Haka Kiristoci suke kallon zuciyar ɗan Adam. Jinjiri bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba. Cocin Katolika ta faɗi a fili cewa zunubin gado ba laifin da mutum ya aikata da hannunsa ba ne. Hali ne da aka haife shi a ciki. Shi ya sa, in ji su, mutum yana sanin daidai amma ya aikata akasi. Makiyayi ya san ba kyau ya saki bisashe cikin gonar da ba a girbe ba, amma wani lokaci ya saka. Manomi ya san ba kyau ya nome burtali, amma ya nome. Ba sarki, ba talaka, ba malami, kowa yana da wannan rauni.

Malamin da ya shimfiɗa bayanin

Wanda ya fi kowa bayyana wannan koyarwa mutumin Afirka ne. Sunansa Agustin. An haife shi a shekarar 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas, cikin Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa. Ya zama shugaban coci a garin Hippo, wato Annaba ta yanzu. Can ya rasu a shekarar 430.

A zamaninsa an yi wani malami, Pelajiyus, mutumin Birtaniya. Shi ya ce kowane yaro ana haihuwarsa da tsabta, kuma mutum yana iya bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin ya ce a'a. Misalin koyarwarsa shi ne: wanda ya faɗa rijiya mai zurfi ba ya fid da kansa, sai an zura masa igiya daga sama. A shekarar 418 shugabannin coci suka taru a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau. Suka ƙi maganar Pelajiyus.

Mene ne fansa?

Bahaushe ya san fansa tun da. A zamanin yaƙe-yaƙe, in aka kama mutum, danginsa sukan tara dukiya su fanso shi. Har yau in gona tana hannun jingina, sai an biya kafin ta komo ga mai ita.

Kiristoci suna cewa ɗan Adam yana hannun zunubi da mutuwa kamar kamamme, kuma ba shi da abin biya. Sun gaskata Yesu Almasihu ne ya biya. Sun ce an gicciye shi ranar Juma'a, ya tashi daga matattu ranar Lahadi. Shi ya sa suke taruwa kowace Lahadi. Shi ya sa babban idinsu shi ne Ista. Katolika sukan yi kwana 40 na azumi da tuba kafin wannan idi.

Alamar shiga wannan fansa ita ce baftisma, wadda ake yi da ruwa. A nan Kiristoci sun rabu. Katolika suna yi wa jarirai. Majami'un da suka fito daga aikin SIM sukan jira sai mutum ya yi wayo, ya faɗi bangaskiyarsa da bakinsa.

Sun kuma ce wanda aka fansa kyauta, tilas ya yi wa wani alheri. Wannan yana cikin dalilan da suke bayarwa na gina asibiti da makaranta. Hippolyte Berlier, wanda ya zama bishop na farko na Yamai a shekarar 1961, ɗan wata ƙungiyar fada-fada ne mai ɗauke da sunan Mai Fansa. Tun shekarar 2001 Katolikan jahar Tawa suna ƙarƙashin bishop na Maradi.

Inda Musulmi suka bambanta

Musulmi ma sun san Annabi Adamu da Hawwa'u. Amma a Musulunci sun tuba, Allah ya karɓi tubarsu, zance ya ƙare. Ana haihuwar kowane yaro da tsabta. Ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Annabi Isa manzo ne mai daraja, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Mutum yakan nemi gafara kai tsaye wurin Ubangijinsa.

Wannan bambanci babba ne, ba a ɓoye shi. Amma akwai inda aka haɗu. Duka biyu sun ce mutum mai rauni ne. Duka biyu sun ce kada mai laifi ya fid da rai daga rahamar Allah.

A watan Janairu na shekarar 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, har aka yi hasarar rayuka. Ƙasa ta ga abin da fushi da rashin sanin juna suke haifarwa. Manomi da makiyayi da suka koyi karatu suna da abin yi a nan. In aka ji wata magana a kan addinin maƙwabci, a tambaye shi da ladabi kafin a yanke hukunci. Kowa ya riƙe nasa, a gaisa, a yi ciniki, a je wa juna gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.