Wuta Ba Ta Kashe Kowace Guba: Ta Ina Sinadari Ke Shiga Abincin Da Muke Saye?

A ƙarshen watan Afrilun 2023 hukumar lafiya ta birnin Taipei a Taiwan ta ce ta gano wani sinadari mai suna etilin oksayid a cikin wani nau'in taliyar Indomie da aka kai can daga Indonesiya. Malesiya ma ta janye irin wannan taliya daga kantunanta. Kafin mako ya zagayo labarin ya iso mana, amma da wata riga daban. Saƙonnin murya suka cika WhatsApp: wai an zuba wa taliya guba, wai duk yaron da ya ci sai ciwon daji, wasu har suka ce shiri ne aka ƙulla don a rage mu. Hukumar NAFDAC ta ɗebi samfura daga masana'antu da kasuwanni ta auna, a watan Yuni ta sanar cewa ba ta sami wannan sinadari a taliyar da ake yi a Najeriya ba. Ƙura ta lafa, kowa ya koma ga tukunyarsa.

Tsoron da mutane suka ji ba laifi ba ne, domin etilin oksayid yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Amma da an tsaya an tambayi yadda ya shiga, da an ƙaru da darasin da ya fi tsoron amfani. Iska ce da ake turara kayan aikin asibiti da ita don kashe ƙwayoyin cuta, a wasu ƙasashe kuma ana turara busassun kayan ƙamshi da ita don kada su lalace a ajiya. A 'yar ledar kayan ɗanɗano aka same shi, wato saura ne da ya biyo kayan tun daga hannun wanda ya sayar wa kamfanin. Haka ya faru a 2020 lokacin da ƙasashen Turai suka gano shi a riɗin Indiya, aka yi ta janye burodi da biskit da duk abin da riɗin ya shiga. Babu wanda ya tsaya kan tukunya da kwalbar guba a hannu. Abin ya faro ne daga nesa, a wani sito da mai cin abincin ba zai taɓa gani ba.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya zubar da katan ɗin taliya a wancan makon, shi ne zai tsaya da yamma ya sayi tsire a naɗe cikin takardar buhun siminti, da safe ya karya da ƙosan da bai san daga wane sito wakensa ya fito ba. In ka yi masa magana amsa ɗaya ce: "Ai ya ga wuta." Wannan magana ta zauna daram a zukatanmu, kuma rabinta kawai gaskiya ce. Wuta tana kashe abu mai rai, irin ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot. Sinadari kuwa ba shi da ran da za a kashe. Kowace mai girki ta san in gishiri ya yi wa miya yawa, ƙara mata wuta ba ya rage shi. Ruwan ne zai ƙone, gishirin ya ƙara fitowa. Ko ta kwana tana tafasa yana nan, ko ta juye a sabuwar tukunya yana nan, ko ta ƙara yaji don ta ɓoye shi yana nan. To haka dalma take a cikin gari, haka gubar funfuna take a cikin gyaɗa, sai dai su harshe ba ya jin su balle ya yi gargaɗi. Wanki da dahuwa suna iya rage wani abu daga maganin ƙwari, amma ba mai iya ce maka nawa ya tafi nawa ya saura.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce, "Mun daɗe muna ci, me ya same mu?" Yawancin waɗannan sinadarai ba sa kayar da mutum a ranar da ya ci. Kaɗan-kaɗan suke aiki a hanta da ƙoda da jijiyoyi, shekara da shekaru. Ranar da ciwo ya bayyana, ba wanda zai tuna da abin da aka ci shekara goma baya, sai a ɗora wa sammu ko a ce ciwon zamani ne.

Mu ɗauki wake, tunda ƙosai da alale da ake saye a kowace unguwa daga gare shi suke. Wake ba ya jure ajiya, cikin 'yan watanni ƙwaro zai mayar da buhu gari. Ɗan kasuwar da ya tara buhuna yana jiran farashi ya tashi dole ya nemi mafita, kuma mafi arha ita ce kwalbar Sniper ko fiya-fiya. Sinadarin da ke ciki, dikulobos, an yi shi ne don ya lalata aikin jijiyoyin ƙwari, kuma irin wannan aikin yake yi a jikin mutum: amai, dalalar miyau, gumi, ciwon ciki, in ya yi yawa numfashi ya sarƙe. Ba a yi shi don a yayyafa kai tsaye kan abin da za a ci ba. Ko ƙwayar turara hatsi da aka amince da ita tana da ƙa'ida: a sa ta a rufaffen wuri, ba tare da ta gauraya da hatsin ba, a bar shi ya sha iska kafin a fitar. Amma in kasuwa ta motsa yau, wa zai jira? Buhun da aka yi wa magani jiya zai hau mota gobe. Mai ƙosai ta auna kwano biyu, ta jiƙa, ta kai niƙa, ta soya, ita kanta ba ta san komai ba, 'ya'yanta ma daga ciki suke ci.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda dikulobos. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami buhunan da suka kai 4.6, wato ninki fiye da 400. An yi ta tsawaita haramcin. Abin da jami'anmu suka fi tattaunawa a lokacin shi ne kuɗin shigar da aka rasa. Ni kuwa tambayata ita ce: waken da aka tsince aka gyara don Turawa ke nan, to wanda aka bar mana a gida fa? A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, amma duk mai shiga kasuwar ƙauye ya san ba a rasa shi ba. Abin takaicin shi ne maganin matsalar yana nan tun tuni. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Najeriya da Nijar tun wajen 2007, yana toshe iska ne kawai har ƙwaron ya mutu, ba ɗigon magani ko ɗaya. Kuɗinsa ya fi na buhun gargajiya, amma bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Gubar gyaɗa ta fi ban tsoro, domin ita ba hannun mutum ne ya zuba ba. Idan gyaɗa ko masara ba ta bushe sosai ba, ko aka shanya ta a ƙasa, ko aka jibge ta a ɗaki mai laima, wata funfuna tana kama ta, ta fitar da guba mai suna afalatoksin. An fara gane ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sanadin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci masarar da ta lalace. Tana cikin manyan masu jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Bincike a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Har a nono tana fitowa in saniya ta ci gurɓataccen abinci.

Yanzu dubi yadda muke yi da gyaɗa. Ana tsince manya masu kyau a soya a ƙulla a leda, domin mai saye yana ganin su da ido. Ƙanana da fasassu da masu baƙi-baƙi, waɗanda su ne matattarar gubar, ba a zubar da su. Su ne ake kaiwa niƙa, inda ido ba zai ƙara rarrabe su ba. A matse mai, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, kuma a cikin tunkuzar yawancin gubar ke zama. Ƙuli-ƙulin nan shi ake dakawa a yi yajin tsire, shi ne a jikin kilishi, shi ne a kwaɗon zogale, shi ne ɗan makaranta ke gurgura a hanya. Suyar da aka yi masa ba ta kai zafin da zai wargaza afalatoksin ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona don rage wannan funfuna tun daga tushe, amma manoma nawa ne a Kano da Katsina da Maraɗi aka taɓa kai wa labarinsa?

Akwai kuma gurɓata abincin da ake yi da sani, kodayake ba da nufin kisa ba, da nufin riba. Tun zamanin Dora Akunyili NAFDAC ta haramta sa buromet a burodi, amma har yau hukumar na rufe gidajen burodi a kansa, saboda yana sa ƙullu kaɗan ya kumbura ya cika ido, alhali saurarsa tana cutar da ƙoda. Ana zuba wa manja jan rini irin na masana'anta don ya yi kyan gani. Hukumar abinci ta Ghana ta kama wannan a kasuwanninta a 2015. Ana nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin masu walda. Mafi muni a wannan babi shi ne abin da ya faru a China a 2008, inda aka zuba melamin a madarar da aka tsinka da ruwa don ta tsallake awon inganci. Jarirai kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Wannan madara ce ta gwangwani, mai suna da lamba da hatimi.

Kayan aiki ma ƙofa ce. Injin da ya niƙa wani abu da safe shi zai niƙa gari da rana. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa ana dakawa a cikin gidaje, a wuraren da ake gyara hatsi yara na wasa, ta jawo gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ga jarkar maganin feshi da ake ɗauraye wa a zuba mai ko kunun aya. Ga man suya da ake maimaitawa har ya koma baƙi kamar na inji.

Sai mazubi da rana. Tawadar jarida tana narkewa cikin maiƙo, shi ya sa ake ganin rubutu a jikin fanke, kuma ba a yi ta don ciki ba. Leda da farin kwanon roba mai kumfa suna sakin sinadarai idan abinci mai zafi da maiƙo ya zauna a ciki. Jihar Legas ta haramta irin wannan kwano a farkon 2024, kodayake toshe magudanan ruwa ne babban dalilinta. A 2017 wata babbar kotu a Legas ta umarci a rubuta gargaɗi a kwalaben Fanta da Sprite cewa kada a haɗa su da bitamin C, duk da Ma'aikatar Lafiya ta ce adadin sinadarin adanawar da ke ciki bai wuce ƙa'ida ba. Tushen damuwar shi ne, wannan sinadari in ya haɗu da bitamin C yana iya haifar da ɗan benzin, wani sinadari mai cutarwa, kuma zafi da haske suna hanzarta hakan. Mai shagon da ke jera lemo da ruwan leda a ƙofar shago cikin ranar Afrilu ya kamata ya san ajiya ma wani ɓangare ne na ingancin kaya.

Lambar NAFDAC a jikin kaya tana da amfani, domin aƙalla akwai wanda za a kama in an sami matsala. Amma shaida ce kan samfurin da aka auna da masana'antar da aka duba, ba ta bin kowane katan zuwa kasuwar Singa a Kano ta ga yadda aka ajiye shi. Mafi yawan abin da talaka ke saye ya ci kuma ba shi da lamba ko kaɗan. Wannan aikin duba-gari ne da sassan lafiya na ƙananan hukumomi, waɗanda a wurare da dama an bar su ba abin hawa, ba kayan awo, ba wanda ke tambayar su rahoto. Ba daidai ba ne mu riƙa jin labarin abin da ke cikin abincinmu sai daga bakin Taiwan ko Turai. Kasuwa irin Dawanau ta Kano, da ke ciyar da ƙasashe, ta cancanci wurin awo na dindindin da ake bayyana sakamakonsa ga jama'a, kuma shugabannin kasuwa suna da ikon da za su hana yayyafa wa hatsi fiya-fiya fiye da kowane jami'i daga Abuja.

Kafin hakan ta samu, akwai abin da ke hannunmu. Mai ƙosai da mai alale su san wurin wanda suke sayen wake, su guji wanda ke warin magani ko wanda aka ga farin gari a jikinsa. Mai ƙuli-ƙuli ta zubar da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, kada ma ta ba kaji. Mai tsire ya nemi takarda mai tsabta wadda ba rubutu. Kai kuma mai saye, ka riƙa zuwa da kwanonka in abin mai zafi ne, ka tambayi inda kaya suka fito ko da za a ce ka cika bincike. Ɗan kasuwar da ke ajiye hatsi kuwa ya ji tsoron Allah ya sayi buhun da ba ya buƙatar magani, domin waken da ya fesa yau yana iya dawowa gidansa gobe a cikin ledar ƙosai.