Yini Guda a Bayan Keji

[Kiɗan buɗe shiri, sai a rage shi. Ƙarar tsintsiya a kan siminti, kukan tsuntsaye daga nesa.]

 Wannan ƙara da kuke ji ta tsintsiya ce. Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba, ba a buɗe wa 'yan kallo ƙofar Gidan Zoo na Kano ba tukuna, ni kuwa ina ciki, sanye da dogon takalmin roba, ga shebur a hannu. Yawancinmu da Sallah muka san gidan nan: a sa sabon ɗinki, a riƙe hannun ƙanne, a sha kallo, a koma gida da yamma. A shirinmu na yau ta bayan keji muka zagaya. Na roƙi arziki aka bar ni na yini tare da masu kula da dabbobin, ina yin duk abin da aka sa ni.

Gwamnan Jihar Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa gidan a farkon shekarun 1970, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. A lokacin wurin bayan gari ne. Yau gari ya kewaye shi ta ko'ina, har titin da ke gabansa da sunan gidan ake kiransa. Amma kana shiga inuwar bishiyoyin nan, hon ɗin 'yan adaidaita sahu sai ya koma can nesa.

Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Na ɗauka da rabon abinci za mu fara. Sai ya ce in jingine shebur ɗin, mu zagaya hannu rabbana. Muka bi keji keji, a kowanne ya tsaya ya yi shiru. Yana duba wanda ya taso da wanda ya ƙi tasowa, yana duba ragowar abincin jiya da yawan ruwan da aka sha, sannan ya sunkuya ya ƙura wa kashi ido. Dalilin wannan tsayuwa shi ne naman daji ba ya nuna ciwo. A dawa, duk dabbar da ta bari aka ga tana ɗingishi ta zama abincin wata, don haka ɓoye rauni a jininsu yake. Kafin ɗan kallo ya gane cewa barewa ba ta da lafiya, sau da yawa ciwon ya ci jiki. Mai kula da ita ne, da yake ganinta kowace safiya, zai lura yau ta ware daga 'yan uwanta, ko kunnenta ɗaya ya langaɓe, ya je ya kira likitan dabbobi tun abin bai yi nisa ba.

[Ƙarar sarƙa da sakata.]

Mun iso wajen zaki. A nan ba a bar ni na taɓa komai ba, kuma haka ya dace. Kejin zaki gida biyu ne: fili da ɗaki, da ƙofar ƙarfe a tsakani wadda ake ja daga waje. Ba mai shiga fili ya yi shara sai an tabbatar zaki yana ɗaki, an zura sakata, an datse kwaɗo. Na ga Baba ya kulle kwaɗon, ya jijjiga shi, ya yi taku biyu, ya dawo ya sake jijjiga shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko nawa ne shekarunka da shi, zaki zaki ne." Mutanen Kano ba su manta watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da wani zaki ya kuɓuce a gidan nan, unguwannin kewaye suka kwana cikin zullumi har aka mayar da shi keji bayan kusan kwana biyu. Wanda ya ga wannan ba sai an koya masa jijjiga kwaɗo ba.

Babban zaki namiji yana buƙatar nama wajen kilo bakwai a rana, zakanya wajen biyar. Sai dai tsoka zalla ba ta riƙe shi. A dawa har ƙashi da hanta da fata yake ci, kuma idan aka daɗe ana ba ɗan zaki tsoka kaɗai, ƙasusuwansa kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Shi ya sa naman ke zuwa da ƙashinsa. A gidajen zoo da dama na duniya akan tsallake rana guda a mako ba a ba shi nama, sai ƙashi ya yi ta gwigwiya, domin ko a dawa ba kullum farauta ke yin kyau ba.

Kura dai duk wanda ya tashi da tatsuniya ya ɗauke ta sakarya ce mai kwaɗayi. Da na tura baro zuwa bayan kejinta na tarar da kashinta fari fat kamar alli, saboda ƙashin da take murƙushewa ta haɗiye. A garken kuraye masu dabbare-dabbare mata ne ke mulki, kuma sun fi mazan girma.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen jiminai, kuma a nan zuciyata ta sosu. Aikin da aka ba ni mai sauƙi ne a faɗe: in bi gindin waya da manjagara in tsince duk abin da ba ƙasa ba. Jama'a, sai da na kusa cika bokiti. Ledar ruwa, ledar biskit, murfin kwalbar lemo, tsinken tsire, har da wani guntun cokali. Jimina ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta niƙa mata abinci a ciki, don haka duk abin da ya yi ƙyalli a ƙasa tana iya cafkewa. Tsakuwa tana da amfani a cikinta. Leda kuwa cunkushewa take yi ta toshe hanya, tsuntsuwa ta riƙa ramewa a tsaye ba a san dalili ba, wani lokaci sai bayan ta mutu an buɗe cikin a ga abin da ya kashe ta. Wanda ya jefar da ledar ya daɗe da komawa gida, bai ma san ya yi wani abu ba.

Ku dubi kuma wace ce wannan tsuntsuwa a wajenmu. Ita ce mafi girma a duk tsuntsayen duniya, ƙwanta ɗaya ya kai nauyin ƙwan kaza wajen ashirin da huɗu, kuma sai ya yi kimanin kwana 42 ake ƙyanƙyasarsa. Tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, yatsu biyu ne a ƙafarta, kuma gaba take shuri, shi ya sa aka gargaɗe ni kada in tsaya a gaban namijin. Da gashinta ake yin figini da takalman da Sarkin Kano ke sawa ranar hawa. A da, jimina mai jan wuya tana kiwo sakaka a faɗin Sahel. Yanzu ta kusa ƙarewa a dawa, har sai da aka buɗe wurin kiwonta a Kelle, cikin Jihar Damagaram a Nijar, don kada irin ya ɓace. Wannan ce ake jefa wa ledar ruwa.

[Hayaniyar birai.]

Da hantsi muka yanka gwanda da kankana da ayaba, muka nufi wajen birai. Kafin mu ƙarasa Baba ya tambaye ni ko ina mura. Biri yana ɗaukar cututtukan mutum, daga mura har tarin fuka, kuma abin da zai kwantar da kai kwana uku yana iya kashe shi. Ke nan guntun rake da yaro ya tsotsa ya miƙa ta waya ba alheri ba ne, ko da da kyakkyawar niyya aka bayar.

A nan na ga wani abu da ya burge ni. Maimakon a zube gyaɗa a wuri guda, sai aka warwatsa ta cikin ciyawa, aka cusa wata a kogon itace. A dawa, jan biri yakan ƙarar da mafi yawan yininsa wajen neman abin da zai ci. Idan ka ba shi komai a faranti, cikin minti kaɗan ya gama, sauran yinin kuma ba abin yi. Daga nan ne dabba ke fara safa da marwa a layi ɗaya har ƙafarta ta yi hanya a ƙasa, ko ta riƙa tsige gashin jikinta. Zaman banza ciwo ne a wajen dabbar da ke tsare, kuma maganinsa yana cikin aikin mai kula da ita kamar yadda shara take ciki.

Bayan azahar 'yan kallo suka cika gidan. Zaki yana kwance a inuwa, ya juya wa jama'a baya. Wani saurayi ya yi ta tafi yana ihu, da abin ya ƙi, sai ya sunkuya ya ɗauki dutse. Baba bai ɗaga murya ba. Ya matsa kusa ya ce, "Haba ɗana, ajiye. In kana son ganinsa a tsaye, dawo da la'asar sakaliya." Yaron ya ji kunya ya yar. Zaki yakan yi awa kusan ashirin a kwance cikin yini da dare, a keji ko a dawa. Halittarsa ke nan. Kada ma da kuke gani ya wangale baki ba ya motsi, zafi yake fitarwa, kuma da sanyin hunturu yakan rage cin abinci ƙwarai.

Ina tsaye a wurin na tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk abin da ke cikin kejin nan mu muka kulle shi. Ba ya iya zuwa rafi, ba ya iya guje wa dutse. Irin zakin Afirka ta Yamma kuwa, binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta saura wajen 400 kacal a dawa, kuma a Najeriya sai a Yankari da dajin Kainji aka same su. Yawancin yaran da na gani yau, wannan na kwancen shi kaɗai ne zakin da za su taɓa gani da idonsu.

Da yamma muka wanke kwatamin ruwa, muka sake cika su, Baba ya rubuta a littafi abin da kowa ya ci da abin da ya rage. Bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi kanta, shi kuwa gobe da sassafe zai dawo, jibi ma haka, har ranar Sallah, don dabba ba ta san hutu ba. Muna jijjiga kwaɗon ƙarshe ana shirin kiran magariba, sai zakin ya miƙe ya yi miƙa. Gurnaninsa, in dare ya yi tsit, ana jin sa daga nisan kilomita takwas. Na kunna rikoda. Ku saurara.

[Gurnanin zaki, a bar shi ya yi tsawo, sannan kiɗan rufe shiri.]