Farin Hayaƙi Bayan An Canja Gaskit: Me Ke Kawo Shi?

A wannan wata za mu yi bayani ne a kan wata matsala da ke damun masu motocin ɗaukar kaya, da masu tarakta, da masu injin niƙa. A ƙauye ba kullum ake samun bakanike a kusa ba. Saboda haka mutane da yawa sun koyi kwance kan inji su canja gaskit da kansu. To, sai ka gama wannan aiki mai wahala, ka ta da inji, ka ga farin hayaƙi na fitowa daga salansa. Nan take sai gabanka ya faɗi.

Kada ka yi saurin sake kwance injin. Kada kuma ka rufe ido ka ci gaba da aiki da shi. Ka fara bincike tukuna. Wani farin hayaƙin ba komai ba ne. Wani kuwa alama ce ta ɓarna mai cin kuɗi.

Mene ne aikin gaskit?

Gaskit wani faifai ne marar kauri mai huda-huda. Yana zama tsakanin kan inji da gangar jikin inji. A wannan wuri abubuwa 3 ne ke wucewa kusa da juna: ruwa mai sanyaya inji, da baƙin mai, da wutar da ke tura fistin. Aikin gaskit shi ne ya raba su, kowa ya bi hanyarsa. Idan bai zauna daidai ba, ruwa zai shiga inda wuta ke ci. Sai ya zama tururi, ya fito ta salansa fari fat.

Ka san launin hayaƙinka

Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ko gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi kuwa yawanci tururin ruwa ne. Tururi yakan ɓace da sauri a cikin iska, kamar na tukunyar tuwo. Hayaƙin mai yakan daɗe yana yawo.

Farin hayaƙin da ba shi da illa

Lokacin da tsohon gaskit ya ƙone, ruwa ya riga ya taru a cikin salansa. Lokacin da ka ɗaga kan inji ma, wani ruwan ya zuba a ciki. Wannan ruwa ba zai fita ba sai salansa ta yi zafi sosai. Saboda haka ka bar injin ya yi aiki kamar minti 30, kana lura da zafinsa. Idan hayaƙin na raguwa, kuma ruwan lagireto bai ragu ba, to, tsohon ruwa ne ke ƙonewa. A wata motar sai an yi 'yar tafiya kafin ya ƙare sarai.

Haka kuma da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, inji mai lafiya ma yakan yi ɗan tururi. Da zarar ya ɗumama sai ya daina.

Gwaji 5 da za ka yi a gida

Idan hayaƙin ya ƙi tsayawa, ga abin da za ka duba. Ba ka bukatar wasu kaya masu tsada.

Na 1: Ruwa. Ka bari inji ya huce. Ka cika lagireto, ka lura da inda ruwan ya tsaya. Bayan aiki, idan ya sake hucewa, ka duba. A karon farko ruwa na iya sauka kaɗan, don iskar da ta maƙale ta fita. Amma idan kullum sai ka ƙara, kuma ba ka ga inda yake ɗiga a ƙasa ba, to, cikin inji yake shiga.

Na 2: Kumfa. Da safe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto, ka ta da inji. Idan ka ga ƙwayoyin iska na tasowa ba tsayawa, iskar wuta ce ke shiga ruwa. Mai injin niƙa ya duba cikin durom ɗin ruwan injinsa.

Na 3: Baƙin mai. Ka zaro sandar auna mai. Idan man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi. Amma ka tuna, idan ba ka juye tsohon mai ba bayan gyara, ruwan da ke ciki na iya zama na dā ne. Dole ne a zuba sabon mai, a sa sabuwar filta, duk lokacin da aka canja gaskit.

Na 4: Robar lagireto. Ka ta da inji mai sanyi, ka matsa babbar robar sama da hannu. Idan ta yi tauri cikin minti 1 ko 2, tun inji bai ɗau zafi ba, iska ce ke cika ta daga cikin silinda.

Na 5: Fulogi. Idan motar fetur ce, ka kwance fulogan duka, ka jera su. Wanda ya fi sauran haske, kamar an wanke shi, ko wanda ke da danshi, shi ke nuna silindar da ruwa ke shiga.

Me ya sa sabon gaskit ke yoyo?

Sau da yawa laifin ba na gaskit ba ne. Ga manyan dalilan:

Kan inji ya lanƙwashe. Idan inji ya taɓa ɗaukar zafi ƙwarai, kansa yakan karkace, musamman idan na alminiyam ne. Ido ba ya ganin wannan. Karkatar da ba ta wuce kaurin takardar littafi ba ta isa ta sa yoyo. Ana gane ta da miƙaƙƙen ƙarfe da ake ɗorawa a kan fuskarsa. Maganinta shi ne a kai shi birni, wurin masu injin goge kan inji.

Kan inji ya tsage. Wannan yakan faru idan an zuba ruwan sanyi a inji mai tsananin zafi. Tsagar kan yi siriri, wani lokaci sai ƙarfen ya yi zafi take buɗewa. Ko gaskit 10 ka canja, hayaƙin ba zai daina ba.

Ba a share wurin da kyau ba. Guntun tsohon gaskit, ko tsatsa, ko yashi, duk suna hana sabon zama. Haka kuma idan ruwa ko mai ya taru a ramin kusoshi, za ka ji kamar kusa ta ɗauru, alhali ba ta danne kan inji ba.

An ɗaure kusoshi ba bisa ƙa'ida ba. Ba a fara ɗauri daga gefe ɗaya a bi layi. Yawanci daga tsakiya ake farawa, a riƙa fita waje, hagu da dama. Ba a kuma ɗaurewa gaba ɗaya. Ana zagayawa sau 2 ko 3, ana ƙara ƙarfi a hankali. Akwai sufana mai ma'auni da ke nuna ƙarfin ɗauri. Idan ba ka da ita, ka aro. Wasu injuna na bukatar sababbin kusoshi, don tsofaffin sun riga sun miƙe. Wasu tsofaffin injuna kuma sai an sake ɗaure su bayan sun yi aiki na ɗan lokaci.

Gaskit ɗin ba na injin ba ne, ko an kifa shi. Kafin ka sa, ka gwada shi da tsohon. Ka tabbata kowace huda ta dace da tata. Kada ka mayar da gaskit ɗin da aka taɓa ɗaurewa.

Idan injin gas ne

A injin gas, ba ruwa kaɗai ke kawo farin hayaƙi ba. Gas ɗin da bai ƙone ba shi ma fari yake fitowa. Za ka gane shi da wari, kuma yana sa ido yaji. Idan haka ne, kuma ruwa ba ya raguwa, ka duba nozul, da saitin bawul, da taimin. Wataƙila an taɓa su lokacin gyara. A duba kuma ko akwai ruwa a cikin gas ɗin da aka sayo.

Ƙananan injunan ban ruwa na fadama kuwa, yawancinsu iska ce ke sanyaya su. Ba su da lagireto. Idan sun yi hayaƙi mai fari-fari, a duba baƙin mai. Ko an cika shi ya wuce ƙima, ko an karkata injin mai ya shiga inda bai kamata ba.

Hattara!

Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan zai yi tsalle ya ƙone maka fuska da hannu.

Kada ka gwada inji a rufaffen ɗaki. A cikin hayaƙin akwai guba marar wari da ke kashe mutum.

Idan ka tabbata ruwa na shiga silinda, ka kashe injin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya taru cikin dare, ka yi ƙoƙarin tayarwa da safe, sandar fistin na iya lanƙwashewa. Ruwa a cikin baƙin mai kuma yana cinye metal. Gyaran da gaskit ɗaya zai isa, sai ya koma na inji gaba ɗaya, ga amfanin gona na jiran a kai kasuwa.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ka ba injin lokaci, ka yi gwajin nan 5. Idan ruwa bai ragu ba, babu kumfa, mai kuma na nan da launinsa, to, aikinka ya yi kyau. Idan kuwa ka ga alama ko da guda 2 ce, ka sake kwancewa. Amma a wannan karo, ka kai kan injin a auna shi kafin ka sayi wani gaskit.