Dalilin da ya sa tsargiya ke komawa jikin yaro

Yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya ya rabu da ita har abada, domin garkuwar jikinsa ta haddace kamannin ƙwayar cutar. Tsargiya, wato fitsarin jini, ba haka take ba. Uwa a Hanwa za ta ba ɗanta magani, fitsari ya washe. Damina na zagayowa ya bi abokansa iyo a kududdufi ko a kogin Kubanni, bayan 'yan watanni sai ga jini ya dawo. Ta ce maganin ne jabu. Maganin kuwa ya yi aikinsa, jikin yaron ne bai gama sanin abokin gabansa ba.

Tsutsar da ke jawo tsargiya tana fitowa ne daga jikin dodon koɗin da ke cikin ruwa, ta huda fata, ta girma a cikin jiki, sannan ta koma jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Nan za ta zauna shekara 3 zuwa 5, wata ma fiye. Tana lulluɓe kanta da sinadaran jinin mai ɗauke da ita, kamar ɓarawon da ya sa rigar maigida, masu gadi suna ganinsa suna wucewa.

A 1991 Paul Hagan da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Gambiya. Sun gano cewa masu yawan wani makamin garkuwa da ake kira IgE ba su cika sake kamuwa ba bayan an yi musu magani. Yara kuwa wani makamin ne ya fi yawa a jininsu, IgG4, wanda ke tare wa na farkon hanya. IgE a hankali yake taruwa, shekara bayan shekara, musamman idan tsutsotsi suka mutu jiki ya ga abin da suke ɓoyewa. Shi ya sa cutar ta fi yi wa 'yan shekara 10 zuwa 15 katutu, sannan ta lafa. Binciken Francisca Mutapi a Zimbabuwe ya nuna cewa maganin praziquantel, da yake kashe tsutsar, yana hanzarta wannan koyo.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa a bar yaro, girma zai raba shi da ita, ko kuma jinin alamar balaga ce. Kafin garkuwar ta ƙosa, ƙwayayen tsutsar sun maƙale a bangon mafitsara sun bar tabo, jinin jiki ya ragu, karatu ya ja baya, wasu kuma ciwon daji na mafitsara ya same su da girma.

Har yau babu allurar rigakafin tsargiya. Abin da ke hannu shi ne maimaita magani, wanda ake rabawa a makarantu ana auna tsawon yaro da sanda, bayan ya ci abinci. Almajirai da 'yan talla su ne rabon ya fi tsallakewa idan ba a bi su har inda suke ba.