Burtali da Ramin Zinariya a Ƙasar Zamfara

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba sawun da sana'o'i biyu, wato kiwo da haƙar zinariya, suka bari a ƙasar da ta taso daga Tsafe, ta bi ta Gusau, ta dangana da Bungudu. Ƙasa ce ta duwatsu, mafi shahara a cikinsu shi ne na Kwatarkwashi, ga kuma Gulbin Sakkwato ya ratsa ta.

Sawun kiwo a harshe ya fi fitowa. Burtali shi ne hanyar da ake barin wa shanu tsakanin gonaki, a yi mata shinge dama da hagu, ta kai su mashaya ko makiyaya. Ashe ke nan kalmar ta ƙunshi yarjejeniya: manomi ya yarda akwai inda garmarsa ba ta shiga, makiyayi kuma ya yarda akwai inda saniyarsa ba ta takawa. Da kaka ta yi, sai a buɗe gona, shanu su ci harawa da kara, su bar taki. Har sarautar Bungudu ma Sarkin Fulani ake ce da ita. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi ƙoƙarin mai da wannan al'ada rubutacciya, amma noma ya yi ta cin burtulla kaɗan-kaɗan.

Ita kuwa zinariya, yamma da nan take, wajen Maru da Anka da Bukkuyum. Haƙarta ta bunƙasa a shekarun 1930, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau, sa'an nan ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da farashinta ya tashi a farkon wannan ƙarni, sai mutane suka koma ramuka, suna kai dutse gida suna niƙawa. Dutsen kuwa akwai dalma a cikinsa. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ta kuma gurɓata tafkunan da dabbobi ke sha.

Abin lura shi ne, burtali yana da mai tsaronsa a al'ada, wato dagaci da arɗo, alhali kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙasa doka ta ba Gwamnatin Tarayya. Ita ce ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, saboda 'yan bindiga da suka mamaye dazuzzukan da a da makiyaya ne.