Bilic Ba Ya Maganin Ƙurajen Poison Ivy

Duk lokacin da zafi ya shigo a Amurka, aka koma aikin lambu, sai shawarar nan ta dawo yawo a Facebook: wai wanda ganyen poison ivy ya taɓa, ya fasa ƙurajen ya zuba musu bilic ɗin wanki don su bushe. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da ɗalibanmu da ke can, waɗanda ba su tashi da sanin ciyawar ba, su ne ke saurin ɗauka. Abin ya isa haka.

Poison ivy tsiro ne mai ganye uku-uku a kan kara guda, yana yaɗo a ƙasa ko ya hau bishiya. Dafinsa wani mai ne da ake kira urushiyol, wanda ke cikin ganye da kara da saiwa. Danginsu ɗaya da mangwaro da yazawa, don haka wanda man ƙwallon yazawa ya taɓa sale wa fata ya ɗan san zancen.

Masu bilic suna cewa ruwan bororon ne ke yaɗa ƙurajen, shi ya sa suke son ƙone shi. Wannan ba gaskiya ba ne. Ruwan nan daga jikin mutum yake fitowa, babu ɗigon dafi a cikinsa, ba ya harbin mata ko yara. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙurajen ba sa fita rana ɗaya. Sukan bayyana cikin awa 12 zuwa 72, wurin da ya fi shan man shi ke riga, sauran su biyo baya. Ko kuma man yana nan a ƙarƙashin farce, a igiyar takalmi, a ƙotar shebur, a gashin kare, mutum na ta sake shafa wa kansa. A jikin kayan aiki yakan shekara bai mutu ba. To bilic me zai yi? Lokacin da bororo ya taso, man ya daɗe da shiga fata. Ƙuna kawai za ka ƙara, ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ƙurjin da zai warke cikin mako biyu zuwa uku ya zama gyambo. Wai da sunan magani!

Kyautar dashe ma hanya ce ta taɓa man, don maƙwabci kan haƙo maka fure da saiwar ciyawar a cikin ƙasarsa, shi ma bai sani ba. Sa safar hannu kafin ka karɓa.

In ka san ka taɓa ta, kada ka jira. Wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, sabulun wanke-wanke ma ya yi, ka goge ƙarƙashin farce. Tufafin a wanke su su kaɗai. In ƙaiƙayi ya taso, jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora, ka shafa kalamin, ruwan hodar nan da ake shafa wa yara masu ƙarambau. Bar bororo ya fashe da kansa. Kada kuma a kuskura a cinna wa ciyawar wuta, domin hayaƙin na ɗaukar man ya kai shi huhu. Wanda idonsa ko fuskarsa ko al'aurarsa ta kumbura, ko ƙurajen suka fara mugunya da zazzaɓi, ya ga likita a ranar. Mai sarƙewar numfashi kuwa a kira masa 911.